Filin Gona da Kiwo: Wa Zai Biya Mai Duba Kifi?

Wasiƙu uku na ɗauko wannan watan. Masu su ba su san juna ba, amma duk a wuri guda takalminsu ke matsa musu, wato kuɗin da mai kiwon kifi zai biya don hukuma ta sa ido a kan sana'arsa. Masu tambaya a kan kaji da tumaki ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwada a bayan gari, tankin siminti huɗu da na tamfol biyu. A taron ƙungiyarmu na watan jiya gardama ta kaure. Wasu sun ce mu rubuta wa gwamnati ta sa a riƙa duba masu ƙyanƙyasa da masu abincin kifi, don 'ya'yan kifin da ake sayar mana ba sa girma, abincin kuma wani buhun dusa ce kawai aka yi wa ado. Suka ce tunda gwamnati kullum kukan babu take yi, mu masu sana'ar mu ɗauki nauyin aikin. Ni dai na ƙi. Rasit nawa muke yanka a shekara, me muka gani? Shin akwai inda ake yin haka a duniya har aka ga amfaninsa? Daga mai tarwada, Kumbotso, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ana yi, kuma ba sai ka hau jirgi ba za ka gani. Ka je kwata da asuba. Kowace saniya da za a yanka akwai kuɗin da mahauci ke biya a kanta, kuma a ƙa'ida cikin abin da kuɗin nan ya saya har da likitan dabbobin da zai duba huhu da hanta ya ce wannan a ci, wancan a binne. Ranar da likita ya zo, mahauci ya san abin da ya biya. Inda kuwa mai rasit ne kaɗai ke sammako, likita sai an ji labarinsa, to kuɗin ya tashi daga ladan aiki ya koma na ƙaƙa-ni-ka-yi. Irin wannan ka saba gani, shi ya sa ka ƙi, kuma ban ga laifinka ba.

Sai dai abokan gardamarka ma ba maganar banza suke yi ba. Lokacin da nake zagayen gonaki na sha tsayawa a bakin tanki ina kallon yadda ake yi. Mai ƙyanƙyasa zai tace kifinsa, ya ware masu saurin girma ya ajiye wa kansa ko wa babban mai saye, ragowar da suka tsumbure har wata biyu ya zuba a jarka ya ce maka 'yan sati uku ne. A ido duk ɗaya suke, tsawon ɗan yatsa. Sai ka yi wata huɗu kana watsa musu abinci kafin ka gane an yi maka sakiyar da ba ruwa. Haka buhun abinci. An rubuta furotin kashi 42 cikin ɗari a jiki, kai da ni ba mu da yadda za mu tabbatar, ko mun shinshina ko mun ɗanɗana. Sai ɗakin gwaje-gwaje. Abinci kuwa shi ke cin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwada. Mai tanki shida ba zai iya gina ɗakin gwaji ba, amma masu tanki dubbai in sun haɗa ƙarfi za su iya riƙe shi. Gaskiyar da ke bakinsu ke nan.

Ƙasar da aka fi kawo misali da ita ita ce Norway, wadda mu a nan muka fi saninta da busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan kudu ke jefawa a miya. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Grøntvedt, suka fara zuba kifin salmon a keji cikin teku a tsibirin Hitra. Yau ƙasar na samar da wajen tan miliyan 1.5 na salmon a shekara, kusan rabin abin da duniya ke kiwo. Mai gona a can yana biya ta hanyoyi da yawa. Da kuɗinsa yake sayen lasisi. Da kuɗinsa yake ɗaukar ma'aikacin lafiyar kifin da doka ta tilasta ya riƙa zuwa duba. Duk kifin da aka fitar waje ana cire kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗinsa a zuba a asusun bincike na sana'ar. Tun 2021 akwai wani kuɗi a kan kowane kilo da aka girbe, wanda ke komawa ga ƙananan hukumomin da kejin ke ruwansu. A 2023 kuma majalisa ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ribar da ake samu daga kiwon cikin teku, bayan gwamnati ta fara neman kashi 40, kamfanoni suka yi ca a kanta.

Abin da nake so ka lura da shi, Alhaji, shi ne abin da suke samu. Akwai wata ƙwaro da ke maƙale wa salmon tana cin fatarsa, kamar kwarkwata. Doka ta sa kowace gona ta riƙa ƙirga ta kowane mako ta kai rahoto, kuma alƙaluman na nan a intanet, kowa na iya buɗewa ya ga gonar wane ta wuce iyaka. Tun 2017 an raba gaɓar tekun ƙasar yanki 13, ana ba kowane yanki launi irin na danjar titi. Kore ya ƙara kiwo da kashi 6 cikin ɗari, rawaya ya tsaya inda yake, ja a rage masa kashi 6. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da suke antaya wa kifi a wajajen 1987 ya ragu da kusan kashi 99 cikin ɗari, saboda an samar da rigakafi. Ba wai can aljanna ba ce. Har gobe masu kare kifin daji na zargin hukuma da yi wa kamfanoni sassauci, kuma kifi na mutuwa da yawa a keji. Amma mai biya na iya nuna maka da yatsa ga abin da kuɗinsa ya yi.

Chile ta bi ɗaya hanyar. Ta bar keji ya cunkushe, gona kusa da gona, masu duba ba su taka kara sun karya ba. A 2007 wata cutar ƙwayar bairos ta ɓulla a yankin Chiloé ta bi ruwa gona-gona, cikin 'yan shekaru kiwon salmon ɗinsu ya durƙushe, dubban mutane suka rasa aiki, sai a 2010 aka gyara doka. Kusa da mu ma, 'yan'uwanmu na Ghana ba su manta da ƙarshen 2018 ba, lokacin da wata cuta ta shiga kejin karfasa a tafkin Volta ta yi ta kashe ƙananan kifi.

To amma kada mu ɗauko rigar wani mu yafa ba a gwada ba. Keji a teku ko a tafki ruwa ɗaya suke sha, cutar maƙwabcinka taka ce. Kai kuwa daga rijiyar burtsatse kake cika tankinka, katanga ta raba ka da kowa. Wanda ya kafa keji a madatsar Tiga ko tafkin Kainji, ruwan jama'a yake amfani da shi, wajibi ne ya yanki lasisi ya biya daidai girman kejinsa, ba ni da ja a nan. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa aka yi Sarkin Ruwa, shi ya sa a Argungu ake rufe Matan Fada sai lokacinsa ya yi. Mai tanki a bayan gida abu huɗu ne kawai ke haɗa shi da jama'a: irin da ya saya, abincin da ya saya, maganin da ya zuba, da ƙazamin ruwan da yake saki a lungu mutane na toshe hanci.

Saboda haka in kun ƙudura rubuta takardar nan, shawarata ita ce ku ce kuɗin ya bi buhun abinci, kada ya bi ƙofar gona. Dalilina a bayyane yake. Masu kiwo dubbai ne, a warwatse, wani ya yi zubi biyu ya daina. In aka ce a bi su gida-gida da littafin rasit, abin da za a kashe a man babur da alawus zai cinye abin da aka tara, ragowar kuma ta maƙale a aljihun mai karɓa. Kamfanonin abinci da masu shigo da shi daga waje kuwa ƙirgaggu ne, an san ƙofarsu, suna da littafin lissafi. Bari mu buga misali, ba wai wani ne ya yanka wannan farashi ba. Buhu kilo 15 ne. Kafin ka fitar da tan ɗaya na tarwada za ka ci buhu wajen 70, in abincin na kirki ne. A ce naira 100 aka ɗora wa buhu. Kai mai tan ɗaya ka biya naira 7,000, ba ka ma ji fitarta ba. Mai tan 100 ya biya 700,000. Kowa daidai ƙarfinsa. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon tarwadar Afirka, tana noma wajen tan 300,000 na kifin kiwo a shekara. Ko rabinsa ne ya ci abincin buhu, ana maganar kusan naira biliyan ɗaya. Wannan ya isa a riƙe ɗakunan gwaji da 'yan zagayen da za su shiga kasuwa su ɗebi samfur ba sanarwa.

Na san abin da za ka ce: masu haɗa abincinsu da kansu fa, da masu ba da hanjin kaji? Sun kuɓuta, haka ne. A ƙyale su. Mafi yawansu ƙanana ne, malamin gona suke buƙata ya zauna da su, ba mai rasit ba.

Sai ku kafa sharaɗi, don a nan gizo ke saƙar. Tun 2015 kuɗin da hukumomin tarayya ke tarawa asusun bai-ɗaya na gwamnati suke shiga. An yi shi don toshe ɓaraka, amma ma'anarsa a gare ku ita ce nairar da ta fita daga buhun abincin kifi tana iya ƙarewa a kwalta ko a tafiyar wani babba, in doka ba ta ɗaure ta da sunan aikin ba. Dokokin kifin da muke da su, na ruwan cikin ƙasa da na teku, duk na 1992 ne, kuma da masunta da jiragen kamun kifi a zuci aka rubuta su, mai tankin tamfol bai zo ba tukuna. Kuma ku tuna kamfanin abinci ya riga ya biya NAFDAC kuɗin rajista, kuɗin kuma daga jikinku ya fita. Ku fara tambayar abin da wancan ya haifar kafin ku miƙa wuya ga sabo. In da ni ne mai riƙe alƙalami, zan rubuta cewa a fara aikin shekara guda, a riƙa liƙa sakamakon gwajin abinci da sunan kowane kamfani inda kowa zai gani, a fitar da jerin masu ƙyanƙyasar da aka tantance, sannan a zo maganar kuɗi. Kuma a ba masu kiwo kujera a kwamitin da ke duba lissafin asusun. In an ce ba za a iya wannan ba, to ka tsaya a kan ƙin da ka yi.

TAMBAYA: Malam, ɗalibi ne ni a kwalejin kifi. Malaminmu ya ce hukumar da kamfanoni ke biya ba za ta iya hukunta su ba. Gaskiya ne? Daga ɗanka a New Bussa, Neja.

AMSA: Ɗana, malaminku ya san abin da yake faɗi. Hausawa sun riga shi: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Amurka tun 1992 kamfanonin magunguna ke biyan hukumar abinci da magunguna kuɗin duba sabon magani. Duban ya yi sauri, wannan ba a musu, amma har yau ana kai ruwa rana a kan ko hukumar ta fara kallon kamfanonin a matsayin masu gidanta. Ƙasar guda kuma, a wajen nama da kaji da tarwada, daga baitulmali ake biyan mai duba, kamfani ba ya biya sai in ya riƙe shi aiki bayan lokacin tashi ko ranar hutu. Ka ga ko su ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba.

Ni a ganina tambayar ba ta tsaya a wa ya biya ba, har da ta hannun wa kuɗin ya bi. In mai gona ne zai aika mota ta ɗauko jami'i, ya ba shi abinci, ya saka masa tarwada biyar a leda zai tafi, an gama, ko waliyyi ne. In kuwa kuɗin ya shiga asusu ta hanyar da jami'in bai san wa ya biya nawa ba, albashinsa na zuwa ko ya rufe gonar wane ko bai rufe ba, to ya sami bayan da zai jingina. Akwai kuma haɗari na biyu da ba a cika faɗa muku a aji ba, kuma shi ya fi yawa a wajenmu. In aka ce hukuma ta ci daga tarar da ta yanka, sai ta koma farauta. Ba ta son ka gyara, don ranar da ka gyara tukunyarta ta huce. Tara ta tafi baitulmali, kada ko kwabo ya tsaya a ofishin da ya yanke ta.

Abu na uku, sana'a tana da shekarar faɗuwa. Shekarar da cuta ta shigo, ko abinci ya yi tsadar da mutane suka kife tankunansu, kuɗin shiga zai ragu, alhali a lokacin ne aka fi buƙatar mai duba. Don haka albashin ma'aikata da sa ido a kan annoba nauyin gwamnati ne, daga harajin kowa, domin mai cin kifi ma ana kare shi. Kuɗin masu sana'a ya tafi ga gwaji, kayan aiki da man mota. Kuna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a nan garinku, ka shiga ka tambayi ma'aikatan ɗakin gwaji me ke fara ƙarewa a hannunsu in shekara ta raba. Za ka koyi abin da ba ya cikin littafi.

TAMBAYA: Malam, sana'ata bandar kifi. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta ce in riƙa aika mata tarwada ta sayar wa shagunan 'yan Afirka, sai aka ce mana an hana. Ni ko nawa ne zan biya in dai za a ba ni takarda. Ina ake yanka? Daga 'yar'uwarka a Yawuri, Kebbi.

AMSA: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna, kuma duk wanda ya ce ki kawo zai yi miki hanya, ki yi masa sallama. Matsalar ba taki ba ce, ta ƙasa ce.

Ga yadda abin ya faru. Amurka ta ɗauke duban kifin dangin tarwada daga hukumar abinci da magunguna ta miƙa wa sashen ma'aikatar gona mai duba nama, sabon tsarin ya fara aiki a watan Maris na 2016. Ƙa'idar wannan sashe ita ce ba da ɗan kasuwa yake magana ba, da gwamnati yake. Duk ƙasar da ke son sayar musu sai ta nuna a rubuce cewa tsarin dubanta ya yi daidai da nasu: ga dokarmu, ga masu dubanmu, ga ɗakin gwajinmu, ga yadda muke bin sawun magani a jikin kifi. An ba da wa'adi. Takardun Najeriya ba su cika yadda ake so ba, sai a 2018 aka rufe mana ƙofa. Sin da Tailan da Biyetnam ne suka tsallake a 2019. Masu banda da dama a kudu da suka zuba jari don kasuwar waje sun ji a jikinsu.

Kin ga a nan ko kin tara kuɗi a tire babu mai karɓa, domin abin da ake nema gwamnati ce kaɗai ke iya gina shi. Bayan an gina, daidai ne mai fitarwa ya biya kuɗin duba wurin bandarsa da na takardar kowane kaya, tunda shi zai ci dalar. Bai kamata a ɗora wa mai soya kifi a bakin tasha ba. Tun 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku, sashen kifi na tarayya kuma ya koma ƙarƙashinta, can ne ƙungiyoyinku za su matsa. Kafin ki ɗaura ko kwali ɗaya, ki sa ƙanwarki ta duba jerin ƙasashen da aka amince wa a shafin ma'aikatar gonar Amurka, don kaya in ya isa tashar jirgi ba izini, lalata shi ake yi ko a maido.

A halin yanzu akwai abin da ke hannunki. Ki sayi kifi wajen mai kiwon da kika sani, ki tambaye shi yaushe rabonsa da zuba magani. Irin jan kafson nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake narkawa a tanki, a Amurka sai kifi ya yi kwana 21 da daina shansa kafin a sayar, a nan kuwa wani jiya ya zuba yau ya kira dillali. Kada fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya kusanci kwandonki. Irinsa aka samu a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana waken shiga a 2015. Ki busar da kifin sosai ya yi ƙaras, ki rage baƙin hayaƙi, ki ɗaure a leda mai kauri, ki rubuta ranar banda a jiki. Ki haɗu da mata biyar ko goma ku nemi lambar NAFDAC da suna guda, kuɗin ya yi muku sauƙi. Da lambar nan manyan kantunan Abuja da Kano da Kaduna za su karɓi kayanki, kuma suna biya fiye da kasuwar Yawuri.